Shafi na uku ya fito babu kai, kawu ya ce mu koma kaye

Ga saƙon da wani ƙanenmu ya aiko mani daga nan cikin Maradi, na ɗan taƙaita shi:

"Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan shekara 23 ne, ina zaune unguwar Zariya, ina taya kawuna ƙanen mahaifiyata lissafi a shagonshi na hatsi, gero da dawa da wake da riɗi, buhu da tiya. Da can komi a kaye, wato littafin rubutu, ake rubutawa, ni na matsa mashi hal ya saya mani tsohuwar kwamfuta na maida masu bashi cikin Excel, mutum 180 da ɗoriya, kowa da sunanshi da garinsu da kayan da ya ɗauka da abin da ya biya da saura. A kwamfuta komi lafiya lau don na daskarar da layin sama, duk inda na gangara ina ganin shi. Satin da ya wuce kawu ya ce in fiddo mashi a takarda, na kai kile na USB wurin masu bugawa anka fiddo shafi 8, na farko ke da taken sama, sauran lambobi ne zalla, wasu shafukan ma ko suna babu. Kawu ya duba shafi na 3 ya ɗauki jika 85 da wani dattijo na Tibiri ya riga ya biya a matsayin abin da ake bin shi, ya tare shi gaban mutane ya yi mashi magana, alhali jika 10 ta rage. Dattijon ya ce shi da shagonmu sai a lahira. Kawu ya ce in rufe kwamfutar mu koma kaye, yau kwana 4 daga gaisuwa ba ya ƙara ce mani komi. Yaya zan yi taken ya fito a kowane shafi? Wani abokina ya ce in sa A B C da 1 2 3 na gefe su fito a takarda, shi ne maganin? Ina kuma son sa teburin cikin Word saboda takardar da muke kai ma masu ba mu kaya. Sannan ta ina zan ɓullo ma kawu?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya huci zuciyar kawu, ya kuma huci ta dattijon. Na karanta saƙonka sau biyu kuma wallahi na ji maka, don na san irin wannan shirun na babba, gara ya yi maka faɗa ka san an wuce wurin da ya riƙa amsa gaisuwarka yana kallon wani gefe. Amma kwantar da hankalinka, lissafinka bai ɓaci ba, ko dala ba ta ɓace ba, takardar ce ta fito gurguwa kuma gyaranta bai kai minti biyar ba.

Bari in fara gaya maka abin da nake ganin ya faru a shafi na 3 ɗin nan, don shi za ka yi ma kawu bayani da shi. Takardar A4 in tana tsaye tana ɗaukar layi kusan 50 na Excel in ba ka taɓa tsawon layukan ba, mutum 180 ke nan shafi 4 sun ishe su. To mi ya sa anka fiddo maka 8? Saboda faɗin teburinka ya fi faɗin takardar, sai Excel ya yanka shi gida biyu kamar an tsaga zane, ya fara buga ɓangaren hagu daga sama hal ƙasa, shafi 1 zuwa 4, sannan ya koma sama ya bugo ɓangaren dama, shafi 5 zuwa 8, haka yake yi in ba a ce mashi ya sake ba. Shi ya sa ka ga wasu shafukan babu sunaye, sunayen suna can hagu an baro su. Yanzu ka duba yadda ka jera kolon ɗinka, suna, gari, kaya, abin da ya biya, saura. Saura ita ce ta ƙarshe, ita ce ta faɗa ɓangaren dama, wato sauran bashin dattijon nan jika 10 yana kwance a shafi na 7 babu suna kusa da shi, a shafi na 3 kuwa lambar ƙarshe da ke gaban sunanshi ita ce abin da ya biya. Kawu kuma shekara nawa yana riƙe da kaye, a kaye lambar ƙarshe ta gefen dama ita ce abin da ake bin mutum, ko da yaushe. Idonshi ya tahi inda ya saba zuwa, babu take a sama da zai ce mashi tsaya. Ɗauko takardun ka aza shafi na 3 da na 7 gefe da gefe ka gani, ina da yaƙinin haka za ka tarar.

Daskarar da layin sama da ka yi, wanda Excel na Faransanci ke kira Figer les volets a ƙarƙashin Affichage, aikin ido ne kawai, na wanda ke zaune gaban allo yana gangarawa. Bai san da zancen takarda ba sam. Mutane da yawa nan suke faɗawa, hal da waɗanda sunka daɗe suna aikin biro, don mutum ya ga taken na bin shi duk inda ya je sai ya ɗauka a takarda ma zai bi shi. Wurin takarda daban yake.

Ga yadda za ka yi. Ina ɗauka Excel ɗinka na Faransanci ne kamar na mafi yawanmu nan, kuma daga na 2007 zuwa yau wurin bai sake ba. Buɗe fishiyen, ka duba jerin kalmomin sama ka danna Mise en page, a nan za ka ga Imprimer les titres, danna shi. Taga za ta buɗe a sashen Feuille, akwai gurabe biyu a tsakiya, na farko Lignes à répéter en haut, wato layukan da za a maimaita a saman kowane shafi. Danna cikin gurbin sannan ka kai linzami ka danna layin da takenka yake a teburin, za ka ga ya rubuta $1:$1 da kanshi in layi na ɗaya ne, ko kai ma kana iya rubuta shi da hannu. In kuwa ka sa sunan shago a layi na 1, kwanan wata a na 2, taken kolon a na 3, to zaɓi ya rage naka, $1:$3 zai maimaita duka ukun, $3:$3 zai maimaita taken kawai. Ni na fi son a maimaita duka in ba su ci wuri da yawa ba, don takarda ɗaya tana iya ɓallewa daga ƴan uwanta a same ta cikin aljihu bayan wata biyu, gara a ga sunan shago da ranar da anka buga ta a kanta.

Gurbi na biyu shi ne Colonnes à répéter à gauche, kolon ɗin da za a maimaita a hagu. Nan ka sa $A:$A in sunaye a A suke. Ko da tebur ya sake tsagewa biyu, kowane shafi zai fito da sunayen mutane a gefenshi, lamba ba za ta ƙara zama marainiya ba. Danna OK, sannan Ctrl da P don ka ga yadda zai fito, kuma kada ka tsaya a shafin farko, shafin farko kullum kyakkyawa ne, bi su ɗaya bayan ɗaya hal na ƙarshe. Ka ajiye fishiyen bayan haka don saitin yana zama cikinshi ne, gobe ba sai ka sake ba. Amma ka lura kowace takardar aiki da nata saitin, in kana da ta gero daban ta wake daban a ƙasa cikin fishiye guda, kowace sai ka shiga ka yi mata.

Wani abu da ke sa mutane su haƙura su ce nasu Excel ɗin ba ya yi: in ka shiga wannan tagar ta hanyar wurin bugawa, wato ka danna Ctrl da P sannan ka danna Mise en page na can ƙasa, za ka tarar da guraben nan biyu sun yi toka-toka ba su dannuwa. Ba lalacewa ba ce, ta wannan ƙofar ba a shiga, koma ka bi ta Imprimer les titres. Haka in kana tsakiyar rubutu cikin wani gida na teburin ba ka danna Entrée ba maɓallin zai ƙi, haka in ka zaɓi takardun aiki biyu ko uku lokaci guda ba ka sani ba. Kuma tunda kwamfutarka ba ta haɗe da na'urar bugawa, in ka ga abin ya ƙi gaba ɗaya ka duba ko akwai wata na'urar da ke rajista cikinta, ko da irin ta PDF ɗin nan ce da ke zuwa da Windows, ita ma ta wadatar.

Amma ni a wurina maimaita kolon na hagu kariya ce kawai, abin da ya fi shi ne kada teburin ya tsage tun farko. Tebur mai kolon biyar ko bakwai ba shi da dalilin cin takarda biyu a faɗi. Kwantar da takardar, Orientation sannan Paysage, faɗin ya tashi daga santimita 21 ya koma kusan 30, sai dai layukan za su ragu su koma talatin da ƴan kai a shafi, mutum 180 su ci shafi 6. Ko ka bar ta tsaye ka rage faɗin kolon ɗin da sunka yi ɓaɓɓaka babu dalili, kolon na gari ba ya buƙatar faɗin tafin hannu don Gidan Rumji ko Madarunfa su shiga. Sannan a wurin bugawa ka zaɓi Ajuster toutes les colonnes à une page, wato duk kolon su shiga faɗin shafi guda, tsawon kuwa ya tahi iya inda zai je. Kada ka kuskura ka zaɓi na kusa da shi mai cewa a matse takardar duka cikin shafi ɗaya, mutum 180 a shafi guda rubutun zai koma kamar ƙwayar riɗi, kawu ko da tabarau ba zai karanta ba, kuma ran nan kam ba ka da bakin kare kwamfuta. Ka kuma sa alama a Quadrillage cikin tagar nan ta Feuille don zanen gidajen ya fito, ido ya samu abin bi daga suna zuwa lamba, babu shi mutum na iya zamewa daga layin wani ya faɗa na wani. Ka sa lambar shafi a ƙasa ta sashen En-tête/Pied de page, irin mai nuna shafi na kaza cikin kaza, in ɗaya ya ɓace a sani.

Ina da shawara kuma a kan jerin kolon ɗin kanshi, wannan ba dole ba ne amma ka yi tunani. Abin da kawu ke nema in ya ɗauki takardar nan abu ɗaya ne, wane ne kuma nawa ake bin shi. To ka yi ma kolon na saura rubutu mai kauri, ka sa mashi take a fili da Hausa da manyan baƙaƙe, SAURAN BASHI, na kusa da shi YA BIYA, kada ka sa mashi gajerun kalmomin da kai kaɗai ka san ma'anarsu. Kada ka dogara da launi don bugun da ake mana yawanci baƙi da fari ne, ja da kore duk toka suke komawa.

Yanzu zancen abokinka. Bai yi ƙarya ba, ana iya sa A B C na sama da 1 2 3 na gefe su fito a takarda, kuma abu ne mai sauƙi, cikin Mise en page ɗin dai akwai wurin da anka rubuta En-têtes da ƴan akwatuna biyu ƙarƙashi, Afficher da Imprimer, ka sa alama a Imprimer shi ke nan. Ko cikin tagar Feuille ka sa alama a En-têtes de ligne et de colonne, duk abu ɗaya ne. Sai dai ba shi ne maganin ciwonka ba. Su biyun sunansu ya yi kama shi ya sa ake rikita su, amma ɗaya taken da kai ka rubuta ne mai ma'ana, ɗaya kuwa adireshin gidaje ne na Excel. Da A B C sun fito a shafi na 3 ran nan, kawu zai ga D a saman jika 85, to D mi take nufi a wurinshi? Sai ya koma shafin farko ya duba, wanda kuwa ya tabbata ya gane ba ya komawa ya duba.

Inda suke da amfani shi ne tsakaninka da mai gyara. Misali kawu na kasuwar Jibiya ko ya tahi ƙauye da takarda a aljihu, kai kana shago gaban kwamfuta, ya kira ka ya ce layi na 112 ya kawo jika 20, kai tsaye ka je 112 ka rubuta ba sai kun tsaya tantance wane daga cikin masu suna iri ɗaya su huɗu ba. Ko kana koya ma wani, kana son nuna mashi cewa saura ana samunta ne in an cire wannan gida daga wancan, nan dole haruffan su fito. Amma ko a nan akwai rami. Lambar gefe ta Excel ba ta mutum ba ce, ta wuri ce. Da ka sake jera sunayen daga A zuwa Z, ko ka cusa sabon mutum a tsakiya, wanda ke 112 jiya ya koma 113 ko 40, takardar aljihun kawu kuma tana nan a yadda take, sai ka rubuta biyan wani a kan wani, wannan kuwa ya fi na dattijon Tibiri muni don ba mai ganewa da wuri. Kuma tunda take ya cinye layi na 1, mutum na farko a layi na 2 yake, lambar ƙarshe ba ita ce yawan mutanenka ba. Saboda haka ka buɗe kolon naka na kanka a farko ka kira shi Lamba, kowane mai bashi ka ba shi tashi wadda ba ta sakewa hal ya gama biya, ka rubuta ta da hannu ta zauna, kuma lambar nan ita za ka rubuta gaban sunanshi cikin kaye. In ka yi haka sai ka maida abin da ake maimaitawa a hagu ya zama $A:$B, lamba da suna tare. Takardar kawu kuwa ka bar ta babu A B C, cunkoso kawai za su ƙara mata.

Af, in wata rana ka buɗe ka ga haruffan sama sun koma lambobi, 1 2 3 a sama 1 2 3 a gefe, kada ka tsorata, wani salo ne da ake kira L1C1, ana kashe shi a Fichier, Options, Formules. Ina faɗa don tsofaffin kwamfutocin da ake saye hannu na biyu wani lokaci da shi suke zuwa.

Na taɓa ganin irin wannan da idona a wurin aikina. Wata baiwar Allah da ke riƙe ma ƙungiyar matan unguwarsu lissafin asusu ta zo da takardu an bugo mata a wani wuri, mata arba'in da wani abu, kowane sati da kolon ɗinshi, teburin ya yi faɗi hal ya tsage gida uku. Abin da ta yi ya tsaya mani a rai, ta yanke gefen takardun da reza ta liƙa su da salatif ɗaya gefen ɗaya hal ya zama wani dogon abu kamar tabarma, tana naɗe shi tana sawa cikin jaka, ran taro ta shimfiɗa a ƙasa ta aza rula tana bi daga sunan mace hal zuwa satin da ake ciki. Wata uku tana haka. Ta zo ne ma don a yi mata fotokopin abin, na ce Hajiya kawo kile ɗin mu gani. Da munka sa sunayen su maimaitu a hagu, kwanakin su maimaitu a sama, ta ɗauki shafi na biyar ta ga sunan kowace mace na nan gaban kuɗinta, ta daɗe tana kallo ba ta ce komi ba, sannan ta ce a ƙara mata kofi biyu ta ba shugabarsu. Matar nan ba ta rasa basira ba, wanda ya gano dabarar reza da salatif ai mai kai ne, ba ta dai samu wanda ya nuna mata gurbin ba.

Sai Word. In ka kwafi teburin daga Excel ka manna cikin Word zai zama tebur na Word, kuma saitin da ka yi a Excel ba ya biyo shi, sai ka sake. Danna cikin layin farko na teburin, a sama sashen Disposition na tebur zai bayyana, a wasu tsofaffin Word sunanshi ɗaya ne ƙarƙashin Outils de tableau, can gefen dama akwai Répéter les lignes d'en-tête, danna shi, take zai riƙa fitowa da kanshi a kan kowane shafi. Dole layin farko na teburin ya kasance cikin abin da ka zaɓa, ba a fara maimaitawa daga tsakiya. In ka danna bai yi ba, yawanci abu biyu ne, ko dai teburin an sa rubutu ya kewaye shi, sai ka shiga Propriétés du tableau ka maida Habillage du texte ya koma Aucun, ko kuma kai ka yanka shafin da hannunka a tsakiyar tebur, Word yana maimaita take ne kawai inda shi da kanshi ya tsallaka shafi. Kuma don Allah kada ka yi abin da na ga ɗalibai na yi a rahotonsu, su kwafi layin take su manna da hannu a saman kowane shafi, ranar da anka ƙara layi ɗaya a sama duk sai su gangaro tsakiyar shafi. A B C da 1 2 3 kuwa ba su biyo irin wannan kwafin, in lalle kana son su cikin Word kana iya ɗaukar hoton allo, maɓallin Windows da Shift da S tare a Windows 10 ko 11, ka ja ka yanko wurin ka manna. Amma hoto hoto ne, ba a gyara lamba cikinshi. Kuma ka yi tunani kafin ka kai ma masu ba ku kaya sunayen mutanen da kuke bi bashi, su jimla suke buƙata, buhu nawa ya shigo nawa ya fita nawa ya rage, sunan dattijon da ya ci bashin gero lokacin bazara sirrinshi ne da ku.

In wata rana ka samu kanka gaban LibreOffice, wurin yana Format, Zones d'impression, Éditer. A Google Sheets kuwa can daskararwar tana aiki, wurin bugawa akwai inda ake cewa a maimaita layukan da anka daskarar.

Abu na ƙarshe kan bugawa, daina kai fishiyen Excel ɗin kanshi wurin masu bugawa. Kwamfutarsu daban na'urarsu daban, faɗin da ya shiga daidai a wurinka yana iya zarcewa a wurinsu kolon na ƙarshe ya sake faɗawa wani shafi, ga shi kuma ka bar masu lissafin shago gaba ɗaya cikin kwamfutar da kowa ke taɓawa. Ka maida shi PDF tun a gida ta Enregistrer sous, ka buɗe ka duba shafi-shafi, shi za ka kai, yadda ka gan shi haka zai fito. In an bugo kuma ka tsaya nan bakin shagon ka duba kafin ka biya, ka ce a buga maka agraf a kusurwa.

To kawu. Ƙanena, ka karɓi laifin, kada ka tsaya cewa masu bugawa ne ko Excel ne, kai ka miƙa mashi takardar ba ka duba ba, kuma shi ya ji kunyar a bainar jama'a da girmanshi, mutumin da ya yarda da kai hal ya fidda kuɗi ya sai maka na'ura. Fushinshi na kan hanya. Kada ka tare shi a shago cikin mutane, ka same shi gida bayan isha'i ko da safe in ya sha koko, ka durƙusa ka ce kawu na yi kuskure a yi mani aikin gafara, sai ka aza mashi tsohon shafi na 3 da na 7 ka nuna mashi inda jika 10 ɗin ta ɓuya, sannan ka miƙa sabon bugu ka yi shiru ka bar shi ya karanta da kanshi. In ka ga abin ya yi nauyi ka fara bi ta wurin mahaifiyarka, ƙanenta ne, ta san lagonshi.

Kuma kada ka yi gardama kan kaye. Ya ce a koma kaye, ka ce to kawu. Kayen nan ba abokin gabarka ba ne, ran da wuta ta ɗauke ko tsohuwar kwamfutar nan ta ƙi tashi shi za a buɗe, ni kaina ban taɓa ba ɗan kasuwa shawarar ya jefar da kayenshi ba. Ka riƙa rubutawa a kaye da rana yadda yake so, da dare ka shigar cikin Excel, ƙarshen wata ka fiddo takarda ku zauna ku gwada da kaye layi-layi. In wata biyu uku sunka wuce yana ganin suna faɗuwa daidai, kuma yana ganin jimlar da da can sai an kwana ana bugawa a kalkuleta tana fitowa nan take, da bakinshi zai ce ina takardar nan taka.

Dattijon Tibiri kuwa shi ya fi kowa haƙƙi a cikin zancen nan, mutum ya biya jika 85 cikin 95 sannan a tsare shi gaban jama'a kamar wanda ya ci ya gudu. Kar a bar abin ya kwana da yawa. Ka roƙi kawu ya yarda ku tahi tare hal gidanshi, Tibiri ba nisa, ka ce kai ne ka yi kuskuren rubutu ba kawu ba, ka riƙe goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa, ka kuma tahi mashi da ƴar takarda tashi shi kaɗai, layi ɗaya da take a sama, kayan da ya ɗauka, abin da ya biya, saura jika 10, kawu ya sa hannu a ƙasa. Tunda kuma gaban mutane anka yi mashi, in ya sake shigowa kasuwa kawu ya faɗa gaban mutanen nan cewa kuskure ne daga wurinku. In kun dawo ka rubuto mani in ji yadda kunka yi.